Hukuncin jinyar ƙashi da ƙwayar da aka samo daga ruwan kwata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya karye a cinya a haɗarin babur, aka sa masa ƙarfe. Shekara biyu ke nan wurin yana zubar da mugunya, an yi aiki sau uku, allurai sun daina ci. Likita ya ce in ba a dace ba sai yanke ƙafa, amma akwai magani a Turai mai suna bakteriyofaj. Sai na ji wai daga ruwan kwata da na masai ake samo shi. Ya halatta a zuba wa Musulmi wannan, har ya yi salla da shi a jikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce.

Hukunci ba ya sauka sai an san abin da ake magana a kai. Bakteriyofaj ƙwayar bairos ce da ba ta kama ɗan Adam, bakteriya kaɗai take shiga, ta hayayyafa a cikinta har ta fasa ta. Masana biyu ne suka gano ta daban-daban a 1915 da 1917, kuma cibiyar Eliava ta Tibilisi a ƙasar Jojiya tana aiki da ita tun 1923. A yau likitoci a Liyon ta Faransa da asibitin soja na Sarauniya Astrid a Beljiyam suna gwada ta ga masu irin ciwon ƙanenka, domin bakteriya kan yi wa kanta wata yauƙi a jikin ƙarfe wadda maganin kashe bakteriya ba ya ratsawa sosai.

Gaskiya ne sau da yawa a ruwan ƙazanta ake fara samun ta. Amma ɗan'uwa, ba ruwan ake ɗura wa majinyaci ba. Ana tace ƙwayar, a raine ta a ɗakin gwaji zuriya bayan zuriya, a sake tsarkake ta, har babu launi ko wari ko ɗanɗanon najasa. Abin da ke shiga ƙashi jikokinta ne, ba su taɓa ganin kwata ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan. Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa cikin abubuwa masu tsarki almiski, alhali asalinsa jini ne, da shukar da aka shayar da najasa, da giyar da ta koma khal (binega). Kai kanka kana cin alayyafon da aka zuba wa taki. Saboda haka maganar Ibnu Mas'ud cewa Allah bai sanya warakarku cikin abin da Ya haramta muku ba, ba ta hau kan wannan ba.

Ka kuma tuna Arfajatu bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci. Ya sa na azurfa ya yi ɗoyi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. To ina ga abin da asalinsa ma ba haramun ba ne, kuma ƙafa ake son ceta?

Don haka ya halatta, sallarsa ta inganta, alwalarsa ba ta warware da shi.

Inda na fi jin tsoro ba tsarki ba ne, yaudara ce. Kowace ƙwaya tana da irin bakteriyar da take ci, dole sai an ɗebi mugunyar an gwada an ga ta dace. Kuma har yanzu magani ne na gwaji, ana haɗa shi da tiyata da allurai, wani ya warke wani bai warke ba. Wajibi ne a faɗa wa ƙanenka wannan ƙarara, ya yarda da kansa, ba ku yanke masa ba. Duk wanda ya tallata muku kwalba a intanet ba gwaji, ku guje shi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba, lamuni yana kansa. Idan kuma ƙwararrun likitoci suka ce jira zai sa cutar ta shiga jini, yanke ƙafar ya zama wajibi, kada neman biza ya jinkirta shi.

Wallahu a'alam.