Za a rushe unguwarmu a gina dogayen benaye, ya halatta mu ƙi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Unguwarmu tsohuwa ce a tsakiyar birni, wani kamfani ya samo izini zai rushe ta ya gina benaye masu hawa da yawa na haya da shaguna. Mun haɗa kai mun ƙi, sai wasu ke cewa wai muna saɓa wa hukuma kuma muna hana cigaba. Muna da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ku da laifi, kare haƙƙi ta halastacciyar hanya ba saɓo ba ne.

Gina bene halal ne komai tsawonsa, inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a karɓi filin. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kar mu ci dukiyar juna da ɓarna sai ta ciniki da yardar juna, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa ƙasa bakwai a wuya. Eh, hukuma na iya karɓar gida ko mai shi bai so ba, Sayyidina Umar ya yi haka da zai faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan hijira, waɗanda suka ƙi ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali. To amma masallaci ne fa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta gindaya sharuɗɗa: ya zama maslahar jama'a ce ta gaske irin hanya ko gada ko masallaci, a biya diyya nan take wadda ba ta gaza kuɗin gidan a kasuwa ba, kuma kar a juya filin ya koma harkar zuba jari. Kaga kenan a tashi mutane dole don kamfani ya ci riba bai shiga ciki ba, ko an sa masa suna cigaba.

Abin da ya fi damuna 'yan haya ne, su ba a ma tunawa da su wajen diyya, alhali a wajen mafi yawan malamai sayar da gida ba ya warware haya sai wa'adinta ya cika, tsohuwar da ta biya kuɗin shekara ba a watso mata kaya waje a wata na uku.

Maƙwabtan da ginin zai tsaya a kansu kuma, Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. A mazhabar Malikiyya tagar da ke leƙa cikin gidan maƙwabci ana tilasta toshe ta, amma tare rana ko iska kaɗai, a mashhurin zance ba ya hana mutum ɗaga gininsa, don haka ku jingina ƙorafinku da leƙe da magudanar ruwa da tsagewar bango in an fara haƙa.

Ku rubuta koke, ku ɗauki lauya, ku je kotu. Ƙona katafila ko dukan leburori haramun ne, haka ƙara gishiri a magana. Wanda kuma ya ga zai sayar da gidansa da yardarsa, haƙƙinsa ne, kar a tsangwame shi. Wallahu a'alam.