Ka tambaye ni zurfin tassa

Ɗana, ka ce wani ya ba ka aron fako, kana son in faɗa maka zurfin ramin tassa, ramin shukan nan mai tare ruwan sama, da tazararsa. Wannan ai ko ɗan yaye ya sani: taƙi guda, taku ɗaya tsakanin rami da rami, ƙasar da ka fidda ka tara ta ta gangare. Wuce nan. Kalmar aro ce ta tsaya mini a wuya.

Bayan yunwar 1984 nan Adar ta Nijar fako ba shi da mai so. Ƙasa ce kamar siminti, ruwan sama ya zuba ya wuce ko jiƙa ta bai yi ba. Da manoman Ilela suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda Mosawa ke haƙa zai, wato tassa a wurinmu, suka dawo da dabarar, ina cikin waɗanda suka kama da wuri. Wani mutum ya ce in ɗauki fakonsa in yi abin da na ga dama, har yana mini dariya. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya ba da sa'a".

Bazara uku na yi a kansa da diga, tafin hannuna duk kanta. Na sayar da tumaki biyu na sayi taki, jakina ya yi ta jigila har bayansa ya yi gyambo. Cike da tafi nake zubawa kowane rami tun kafin ruwa, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanya. Na jera duwatsu, na bar kututturen sabara da kalgo suka tofo. Damina ta uku hatsi ya fi ni tsawo.

Ran da nake ɗaure damma sai ga shi da 'ya'yansa, wai gonar gado ce, suna bukata. Muka je gaban maigari, aka ce ina shaidata? Na tsaya kamar gunki. Har yau in na bi ta wurin, gawon da na raina da hannuna nake gani yana ba wani inuwa.

Ku yaran yanzu rami hamsin kuke haƙawa ku zauna latsa waya, amma ko kai ban so a ci guminka. Kada digarka ta taɓa fakon nan sai kun je wurin maigari da shaidu biyu, an rubuta shekarun aron, ya sa hannu. In mai fakon ya ƙi, mayar masa da abinsa.