Amsar tambayar Hajiya kan gwada maɓalli biyu a shafin sayar da kaya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ga tambayarki tun da rana, sai yanzu na samu zama. Kin ce a shafinki na atamfa da leshi kina son sanin wanne ya fi kawo ciniki, maɓallin "Saya yanzu" ko na "Yi oda ta WhatsApp", kuma kina shirin sa ɗaya wannan makon, ɗayan kuma mako mai zuwa. To, don Allah kada ki yi haka.

Makon da albashi ya shigo daban yake da makon tsakiyar wata. Balle a ce Sallah ta matso, ai ko wane maɓalli kika sa za a danna. Sai ki ɗauka maɓallin ne ya yi aiki, alhali lokaci ne. Abin da ake kira gwajin A da B shi ne a fitar da su biyun a lokaci guda, manhaja ta raba masu shigowa biyu ba tare da zaɓe ba, rabi su ga wannan, rabi su ga wancan. Kuma wanda ya ga A yau, in ya dawo gobe A zai sake gani. Wannan yaron da ke kula miki da shafin zai iya saitawa. Can baya, Google Optimize kowa ke amfani da shi wajen wannan gwaji don kyauta ne, amma sun rufe shi a Satumban 2023. Yanzu akwai VWO da Optimizely, in kuma da WordPress, wato manhajar gina shafuka, aka gina shafin akwai ƙananan manhajoji da ake ɗorawa.

Sannan abu ɗaya za ki canza. In kin sauya rubutu, kin sauya launi, kin sauya hoto, ciniki ya ƙaru, wa za ki gode wa a cikinsu?

Amma inda nake so ki saurara da kyau shi ne maganar yawan mutane, nan ne mafi yawanmu ke yaudarar kanmu. A ce a cikin mutum 100 da suka shigo, 5 ne ke yin oda, kina son tabbatar da cewa sabon maɓalli ya kai su 6. Lissafin masana ya nuna sai kin samu wajen mutum dubu 8 a kowane ɓangare, wato dubu 16 ke nan gaba ɗaya. Yanzu ki duba shafinki, mutum nawa ke shigowa a wata? In ɗari biyar ne, ki ga shekara nawa za ki yi kina jira. Shi ya sa in na ji ana ba da labarin Google da suka gwada launin shuɗi kala 41 don ganin wanda aka fi dannawa, nakan ce wannan harkar masu miliyoyin jama'a ce. Ke da ni, babban canji za mu gwada, wanda bambancinsa zai fito fili. Naki ɗin ma ya dace, don biya da kati da yin magana da mai kaya kai tsaye ba ƙaramin bambanci ba ne a wajen mutanenmu.

Kuma kada ki ce ai ni na san abin da kwastomomina ke so. Masu kamfen ɗin Obama a zaɓen 2008 sun gwada maɓalli 4 da hotuna da bidiyo 6 a shafinsu. Ma'aikatan duk bidiyo suka fi so, sai ga shi kowane bidiyo ya sha kaye a hannun hotuna. Hoton iyalinsa haɗe da ɗaya daga cikin sababbin maɓallan ne ya yi nasara, masu rajista suka tashi daga kashi 8 da ɗoriya zuwa sama da kashi 11 cikin ɗari. Gani ya kori ji.

Eh, sai abin da za ki ƙirga. Ba dannawa ba, Hajiya, kuɗin da ya shigo. Maɓallin WhatsApp zai iya tara miki jama'a, "nawa ne", "ba ragi", "zan dawo", ki wuni kina amsa saƙo ba a sayi ko yadi ɗaya ba. Ki sa saƙon da ke fitowa daga maɓallin ya zo da wata alama, ki riƙa rubutawa a littafi wanda ya turo kuɗi da gaske.

Tun kafin a fara ki yanke ranar tsayawa, mako biyu cikakku ko huɗu, don kowace rana ta shigo ciki, har da Juma'a da ƙarshen mako. Kwana uku da farawa za ki ga ɗaya ya yi gaba, zuciya ta ce a tsayar. Ki daure, sau da yawa yakan juye kafin ƙarshe. In kuma an gama babu wani bambanci, ki bar wanda ya fi miki sauƙin aiki.

Ki turo min adadin masu shigowa na watan jiya a nan, in lissafa miki tsawon da ya kamata ki ba shi. Sai anjima.