Manhajar da ke watsa talla ko'ina lokaci guda, a biya ko a bari?

Tambayar farko daga wata Hajiya ce a Birnin Kebbi mai sayar da atamfa da leshi da turaren wuta a cikin gida. Tace: "Malam don Allah a ban shawara, kullum sai na ɗora hoton kaya a status, in koma Facebook, in koma Instagram, wlh na gaji. Wani yaro yace akwai manhajar da zan riƙa biya duk wata, sau ɗaya zan ɗora ta watsa min ko'ina. In biya?"

Hajiya riƙe kuɗinki tukuna. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani ɗaya ne, Meta, sun sayi Instagram a 2012, WhatsApp kuma a 2014, shi ya sa ake iya haɗa su ba sai an sa wani a tsakani ba. Suna da manhajarsu mai suna Meta Business Suite, kyauta ce, ki sauke a waya ki haɗa shafinki na kasuwanci na Facebook, ba wanda kike hira da dangi ba fa, sannan ki maida Instagram ɗinki na kasuwanci shi ma, shikenan ɗorawa ɗaya zai fita a duka biyun, kuma saƙonnin mutane da kwament ɗinsu zaki gansu wuri ɗaya. Status ɗin WhatsApp ma akwai inda ake dannawa ya wuce stori na Facebook.

Waɗanda yaron ke nufi irin su Buffer da Hootsuite ne, da dala ake biyansu, kin dai san yadda dala take. Buffer na da tsarin kyauta na shafuka 3, Hootsuite kuwa tun 2023 suka cire nasu na kyauta. Kuma abin da bai gaya miki ba, ba sa ɗora miki status a WhatsApp, alhali nasan yawancin matan da ke sayen kayanki a can suke gani, to me kika biya kenan?

Inda Meta Business Suite ɗin ke da daɗi shine tsara lokaci. Daren da netwok ya yi kyau kuma akwai caji ki zauna ki jera tallan sati guda, ko wayarki a kashe take zai fita a lokacin da kika sa. Amma a kula, na'ura bata san leshin nan mai ruwan ƙasa an saye shi tun ranar Talata ba, zata fito da shi ranar Alhamis mata su yi ta tambaya kina ba da haƙuri, haka in farashi ya tashi a kasuwa tsohon kuɗin zata nuna. Mafi muni a yi rasuwa a unguwa ko cikin dangi ana zaman makoki sai ga tallanki ya fito da kiɗa, mutanenmu ba sa manta irin wannan. Duk safiya ki leƙa jerin ki cire abin cirewa. Sannan link ba ya dannuwa a ƙarƙashin hoton Instagram, don haka ki rubuta lambar wayarki da farashi ɓaro-ɓaro, wannan ɗabi'ar ta "a zo inbox" korar mai saye take.

Na biyu wani matashi ne daga Yauri mai tura busasshen kifi zuwa Sakkwato da Abuja. Yace an yi masa tallan wata manhaja mai tura saƙo ga dubban lambobi a WhatsApp, wani kuma yace zai sayar masa da mabiya, wanne ya kamata ya fara saye?

Ƙanena ko ɗaya. WhatsApp na rufe layin da ke tura saƙon turmutsutsu da manhajojin da ba nasu ba, har su GB WhatsApp ɗin nan, ranar da aka rufe ka duk hirarka da kwastomomi da masu bashinka ta tafi. Mabiyan saye kuwa taron tsintsiya ne ba shara, ba mai sayen kifi a cikinsu. Ka sauke WhatsApp Business, tun 2018 yake kuma kyauta, ka jera kifinka a katalog da farashi, ka saita saƙon gaisuwa da na lokacin da baka kusa, da gajerun amsoshi irin lambar akawun da kuɗin mota. Akwai broadcast, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, mai ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya adana lambarka zai samu, don haka duk wanda ya saya ka roƙe shi ya yi sabin.

Sauran aikin kuma naka ne. Matar da ta turo boyis tana cewa a rage mata ɗari biyar, ko tana tambaya kifin na wannan satin ne, so take ta ji muryar mutum, in ka bar ta da amsar na'ura har la'asar ta riga ta saya wajen wani. Ka ware lokaci bayan azahar da bayan isha'i kana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka samu littafi ka rubuta lambobin kwastomominka da biro, masu kasuwanci a Twitter sun ji jiki lokacin da gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Ta ƙarshe, wani tela a Argungu yana tambaya ko zai iya ɗauko bidiyonsa na TikTok ya sa a Instagram. Zaka iya maigida, amma ba mai tambarin TikTok a jiki ba, Instagram sun faɗa tun 2021 cewa ba sa tura irinsa gaba sosai. Ka ɗauki bidiyon da kyamarar waya, ka ajiye na asalin a galari, daga nan ka ɗora wa kowanne nasa daban.