Amsoshin tambayoyinku: tsohuwar mota mai turbo, daga saye zuwa ƙarin ƙarfi

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan mota guda, Subaru Impreza WRX, wadda Japan ta fara fitarwa a 1992, kuma irinta ce Colin McRae ya ci gasar tseren rali ta duniya da ita a 1995. Na zaɓi guda huɗu.

Tambaya: Malam, an kawo min motoci biyu 'yan Amurka, WRX ta 2003 da Mazda RX-7 ta 1993. Zuciyata na kan Mazdar don kyanta. Akwai kuma wata WRX mai arha da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Wacce zan ɗauka? Daga Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, kyan RX-7 ba abin musu ba ne, ni ma idan na gan ta sai na waiwaya. Amma injinta ba irin wanda bakanikenka ya saba buɗewa ba ne. Ba shi da fistin, wasu ƙarafa ne masu kusurwa uku suke juyawa a ciki. Ga turbo biyu, wato na'urorin cusa wa inji ƙarin iska, da ke karɓa-karɓa ta hanyar tarin ƙananan tiyo waɗanda zafi ke busarwa har su tsage. Injin ba ya yafe zafi: ya tafasa sau ɗaya, kana iya shiga aikin sauke shi. Ka zaga Panteka ka tambayi kayansa, amsar da za ka ji ta ishe ka.

WRX ta 2003 tana da injin lita 2 mai silinda huɗu a kwance, ƙarfin doki 227, kuma tana tarayya da Forester da Legacy a kayan gyara da yawa. Ita zan saya. Sai dai kada ka yarda a ɗuma ta kafin ka zo. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji shi da sanyi, a tayar a gabanka kana tsaye a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko daga ringi ko daga turbo. A cire filogi a auna matsin kowace silinda, huɗun su zo kusa da juna. Ka tambayi ranar da aka canza bel ɗin taimin. Kamfanin ya sa mil 105,000, kusan kilomita 169,000, kuma idan ya tsinke bawul da fistin karo suke yi. In mai motar ya fara kame-kame, ka cire kuɗin sabon bel daga ciniki.

Ita kuwa mai juyayyen sitiyari, bar ta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da ake yi a gareji yana taɓa birki da sitiyari da wayoyi, wuraren da ba a gwada sa'a a kansu.

Tambaya: WRX ɗina tana zafi idan na shiga cunkoso. Bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasashen ƙanƙara aka sa shi. Daga Kano.

Amsa: Na san wannan magana, duk garejin da ka shiga za ka ji ta. Kada ka yarda. Tamostat shi ke riƙe injin a zafin da aka gina shi ya yi aiki. In babu shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ta yi ta zuba fetur fiye da kima, shan mai ya ƙaru, feturin kuma ya riƙa wanke baƙin man da ke jikin silinda. Ga shi ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Zafi a cunkoso, amma lafiya a kan titi, yawanci iska ce ba ta ratsa lagireto. A duba ko fankoki biyun suna tashi, a wanke ƙurar hunturu da ta toshe ramukan lagireton. Saman lagireton roba ne, yana tsagewa in ya tsufa, a leƙa ko akwai farin tabo a bakinsa. Murfinsa ma yana gajiya, kuma ba shi da tsada. Ka daina zuba ruwan rijiya zalla, ka sa ruwan sanyaya inji na gaske, a cika ta ƙaramin tankin da ke sama kusa da turbo don iska ta fita. Idan an yi duk wannan kuma ana ganin kumfa na tasowa a tankin ajiya, to gasket ɗin kan inji ne, kuma injin nan kai biyu gare shi, ka shirya aljihu.

Tambaya: Ina son in sa abin ƙara matsin turbo, da bawul ɗin nan mai yin "fiss" idan an canza giya. Da wanne zan fara? Daga Abuja.

Amsa: Ƙanena, bari mu fara da abin da ke cikin tankinka. Littafin motar ya ce a sha fetur mai lamba 91, ka ji an ce namu ma wajen 91 ne, sai ka ɗauka an yi daidai. Ba ma'auni ɗaya ba ne. 91 na Amurka ya kai kusan 95 a ma'aunin da muke amfani da shi, namu kuwa daidai yake da feturin gama-gari na can. Wato tun kafin ka taɓa komai, motarka tana shan abin da ya gaza buƙatarta, a garin da ake kwana da zafi a watan Maris. Ga na'urar sanyaya iskar turbo a kwance a saman injin, ba ta samun iska sai ta ramin bonet, a cunkoso gasuwa take yi.

Idan matsi da zafi suka yi yawa, feturin yana fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwar motar tana jin wannan ta ja wuta baya, amma tana da iyaka. Daga kamfani matsin turbo bai wuce fam 13 zuwa 14 a ma'aunin iska (psi) ba. Ka murɗa shi zuwa 18 ba tare da an sake saita ƙwaƙwalwar ba, bakin fistin ne zai karye, sai ka ji an ce injin ya buga.

Bawul mai "fiss" kuma ba ya ƙara doki ko ɗaya. Motar tana auna iskar da ta shiga tun daga bakin matatar iska. Bawul na asali yana mayar da iskar ciki, shi kuwa wannan waje yake watsar da ita, alhali an riga an auna mata fetur. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi, da mutuwa a mahaɗar titi wani lokaci.

Da kuɗin a hannuna suke, ga inda za su tafi: sababbin filogi, matatar iska ta takarda wadda ta fi mai raga tare ƙura, canza tsofaffin tiyo, agogon da ke nuna matsin turbo, da juyen baƙin mai na sintetik kowane kilomita 5,000. Turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma a kan wannan man take shawagi. Bayan gudu mai nisa ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Sai birki da taya. Idan har yanzu kana son ƙari, nemi wanda zai saita ƙwaƙwalwar a kan feturin da kake sha, yana kallon alƙaluma a kwamfuta, ba wanda zai loda maka saitin da aka yi don man Turai ba.

Tambaya: Taya ɗaya ta fashe, ukun sun ci rabi. In sayi sabuwa guda? Daga Zariya.

Amsa: Hajiya, a wata motar da na ce e. Wannan ƙafa huɗu take ja a kowane lokaci, kuma idan taya ɗaya ta fi sauran girma, na'urar raba ƙarfi da ke cikin giya za ta yi ta fama har ta ƙone. Bambancin kewayen tayoyin kada ya wuce rubu'in inci, wajen milimita 6. Ki sayi huɗu iri ɗaya. In kuɗi bai kai ba, a nemo ta hannu mai suna ɗaya da lamba ɗaya, wadda cinta ya yi daidai da na ukun, a zagaya ta da tef a auna a gabanki, ki kuma duba lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta.