Tambaya da Amsa: Albarushi Mai Araha Ko Mai Tsada, Wanne Ya Dace da Bindigar Toka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma bara na sayi bindigar toka irin ta zamani mai faɗin baki .50, wato rabin inci, wadda ake tayar da wutarta da firaima, wato ɗan kwanson da ke kunna albarushi, mai lamba 209, domin farautar barewa a lokacin da doka ta keɓe wa irin waɗannan bindigogi. Da na je sayen albarushi sai na tarar da iri huɗu: baƙin albarushi na asali, da Pyrodex, da Triple Seven, da Blackhorn 209. Na ƙarshen ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, ga kuma mazubinsa ƙarami. Shin aikinsa ya kai kuɗinsa? Sannan wani abokina mai bindiga irin ta dā mai ƙyastu yana son mu sayi iri ɗaya mu raba don rage kashe kuɗi. Ko hakan zai yiwu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maganar abokinka, domin ita ce mai gajeriyar amsa. Bindiga mai ƙyastu tana dogara ne da ɗan tartsatsin da dutse ke fitarwa idan ya daki ƙarfe, kuma baƙin albarushi na asali kaɗai ke kama wuta da irin wannan tartsatsi ba tare da gardama ba. Sauran ukun suna buƙatar zafi mai yawa kafin su kama, Blackhorn 209 kuwa ba a yi shi don irin bindigarsa ba sam. Idan har kuna son haɗa kuɗi, to baƙin albarushi mai lamba FFg (yawan F na nuna laushin garin) za ku saya, wanda zai yi aiki a bindigoginku duka biyu idan tasa ma mai faɗin baki ce, shi kuma ya ƙara da ɗan mai laushi, FFFFg, na zubawa a kaskon ƙyastu.

Game da tambayarka ta farko, kuskuren da na fi gani wurin sababbin maharba shi ne kwatanta farashin mazubi da mazubi, alhali abin da ya kamata a lissafa shi ne kuɗin harbi guda. Dalili kuwa shi ne ana sayar da albarushi da nauyi, amma ana ɗura shi da ma'aunin cika. Giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne, laba ɗaya giren 7,000 ce. Idan ɗurinka giren 100 ne na baƙin albarushi, laba za ta ba ka harbi kusan 70. Pyrodex, wanda ya fito a 1975 a matsayin madadin baƙin albarushi, ya fi shi rashin nauyi da kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka ma'aunin nan guda zai fitar maka da harbi da ya doshi 100 daga laba ɗaya. Triple Seven ya fi su ƙarfi, har kamfanin Hodgdon mai yin sa ya ce a rage kashi 15 cikin ɗari idan ana son ƙarfi daidai da na baƙin albarushi, wato ma'aunin 85 a madadin 100. Shi kuwa Blackhorn 209, ma'aunin 100 nauyinsa giren 70 ne, kuma mazubinsa na oza 8 giren 3,500 ne, ka ga harbi 50 ke nan. Ka raba kuɗin kowane mazubi da waɗannan lambobi, za ka ga Pyrodex ne ya fi sauƙi a aljihu, Blackhorn kuma ya ninka shi fiye da sau biyu a kowane harbi.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba, kuma tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce harbi nawa kake yi a shekara. Maharbin da ke zuwa filin gwaji sau biyu ko uku kafin lokacin farauta ya daidaita saitinsa, sannan ya yi harbi ɗaya ko biyu a daji, da wuya ya ƙarar da mazubi guda a shekara. A wurinsa bambancin kuɗin albarushi ƙanƙane ne idan aka ajiye shi kusa da kuɗin lasisi da man mota da harsasai, waɗanda sau da yawa guda ɗayansu ya fi ɗurin albarushin tsada. Wanda kuwa harbin saiti ne abin sha'awarsa, yana sakin harbi 30 ko 40 kowane mako, shi ne tsadar za ta ci wa aljihu sosai, kuma ba na ganin hikimar ƙona albarushi mai tsada a kan takardar gwada saiti tsawon shekara.

Abin da kuɗinka ke saya a Blackhorn 209 shi ne tsabta da daidaito. Baƙin albarushi idan ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa yakan zama toka da daƙwalwar datti, wani ya fita cikin hayaƙi, wani ya manne a bututu, kuma wannan dattin yana jan laima daga iska ya haifar da tsatsa. Pyrodex ma haka yake, ko ya fi. Na taɓa dawowa daga daji a gajiye na jingine bindiga na ce gobe na wanke, goben ta zama kwana huɗu, kuma da na zura tsumma sai ya fito ja wur da tsatsa. Ƙananan ramukan da suka fito a cikin bututun nan ba su gyaru ba har yau, kuma kuɗin da na yi tattali a albarushi bai kai rabin wannan asara ba. Triple Seven ba shi da farar wuta, saboda haka ba ya wari kamar su, kuma ruwa zalla ke wanke shi, amma yana da nasa aibin a bindiga irin taka: yakan bar wani zobe mai tauri na datti a daidai inda harsashi ke zama. A harbi na biyu ko na uku za ka ji sandar ɗuri ta cije kafin ta kai ƙasa, kuma wanda bai sani ba sai ya ɗauka harsashin ya zauna. Wannan abu ne mai haɗari, domin giɓi tsakanin albarushi da harsashi yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Maganinsa shi ne ka goge bututun da tsumma mai ɗan danshi bayan kowane harbi, kuma ka yi wa sandarka alama a daidai inda take tsayawa idan ɗuri ya zauna daram, ka riƙa duba alamar kowane lokaci.

Blackhorn 209, wanda ya shigo kasuwa a 2008, yana barin ka yi harbi da yawa a jere ba tare da goge bututu ba, ba ya jan laima kamar sauran, kuma saurin harsashinsa ba ya bambanta sosai daga harbi zuwa harbi, wanda shi ne ke sa harsasai su taru wuri guda a nesa. Amma yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar firaima 209 mai cikakken ƙarfi irin ta harsashin bindigar tsuntsaye, ban da masu rauni da aka yi musamman don bindigar toka, kuma ba kowane marfin gindin bututu ke tayar da shi da kyau ba, saboda haka ka duba littafin bindigarka kafin ka biya kuɗi. Ana wanke dattinsa da man wanke bindiga, ramin wutar marfin kuma yakan toshe da baƙin datti idan ba a kula da shi ba.

Za ka kuma ga dunƙulallen albarushi na Pyrodex da Triple Seven, galibi kowane curi daidai da giren 50. Yana da saurin ɗuri idan hannu ya ƙage da sanyi, amma ya fi gari tsada a kowane harbi, kuma curin giren 50 kaɗai yana hana ka gwada ma'aunin 80 ko 90, inda bindigogi da yawa suka fi ba da saiti mai kyau. Wasu jihohi, irin su Colorado, sun hana shi a lokacin farautar bindigar toka, don haka ka karanta dokar jiharka. Albarushi marar hayaƙi na harsasan zamani kuwa, komai arhar da ka same shi, kada ka kusantar da shi ga wannan bindiga, domin ƙarfinsa na iya tarwatsa ta a hannunka.

A ra'ayina, tunda farauta ce ta sa ka sayi bindigar, kuma harbinka a shekara kaɗan ne, Blackhorn 209 ya cancanci kuɗinsa idan bindigarka ta karɓe shi, domin barewar da aka ji wa rauni ta tsere ta je ta mutu a daji asara ce da ta fi kuɗin kowane mazubi. Idan aljihu bai ba da dama ba, garin Triple Seven mai lamba FFg zai yi maka aiki mai kyau muddin ka jure gogewa. Kana iya yin atisaye da Pyrodex a sauran watanni, amma kafin farauta ka sake daidaita saiti da ainihin albarushin da harsashin da za ka shiga daji da su, domin kowanne yana da inda yake kai harsashi, kuma kada ka wuce iyakar ɗurin da masu ƙera bindigarka suka rubuta.