Filin Tambaya da Amsa: Fim ɗin Rayuwar Edith Piaf

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni malamar makaranta ce a Agege, kuma ina koyon Faransanci a ajin yamma. Malaminmu ya ba mu fim ɗin La Vie en Rose domin kunnenmu ya saba da harshen, amma na kalle shi har sau biyu ban gane kansa ba, domin yanzu za ka ga mawaƙiyar tana yarinya, an jima ka gan ta ta tsufa jikinta yana rawa, sai kuma a sake komawa baya. Don Allah ka jera mini tarihin bi da bi, ka kuma gaya mini ko duk wahalar nan gaskiya ce ko an ƙara gishiri.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai kika rikice ba, kuma da gangan daraktan, Olivier Dahan, ya tsara fim ɗin haka lokacin da ya fitar da shi a 2007. Ya ɗauki labarin tamkar tunanin mai jinya da ke kwance a ƙarshen rayuwarta, wadda abubuwan da suka wuce suke faɗo mata a rai ba tare da bin shekaru ba. A Faransa sunan fim ɗin La Môme, wato "yarinyar", sunan da kika sani kuwa na wata shahararriyar waƙarta ne da aka yi amfani da shi a ƙasashen waje.

An haifi Edith Piaf, wadda sunanta na asali Edith Gassion ne, a birnin Paris a watan Disamba na 1915. Mahaifiyarta mawaƙiya ce a gidajen shan shayi da tituna, mahaifinta kuma yana wasan lanƙwasa jiki a bainar jama'a ana jefa masa kuɗi. Uwar ta tafi ta bar ta, uban kuma ya kai ta wajen mahaifiyarsa a garin Bernay da ke yankin Normandy, inda tsohuwar take magajiyar wani gidan karuwai. A can ta yi fama da ciwon ido mai tsanani har ta daina gani na wani lokaci, kuma ita da kanta ta riƙa danganta warkewarta da ziyarar da aka kai ta kabarin wata waliyyiyar Kiristoci mai suna Thérèse a garin Lisieux. Daga baya uban ya ɗauke ta suna yawo gari gari, tana riƙe hular karɓar kuɗi. Akwai wurin da fim ɗin ya nuna 'yan kallo sun gaji da wasan uban, suna tambaya ko yarinyar ta iya wani abu, sai ta buɗe baki ta rera taken ƙasar Faransa, kowa ya yi tsit. Duk lokacin da na tuna wannan wuri, sai yaran da nake gani a Ebute Metta suna jan iyayensu makafi, suna amsa musu waƙar bara a tsakanin motoci, su faɗo mini a rai, domin irin wannan makaranta ce ta horar da muryarta.

A 1935 wani mai gidan rawa, Louis Leplée, ya ji tana waƙa a titi, ya ɗauke ta aiki, ya kuma laƙaba mata suna Piaf, wanda a bakin mutanen Paris yake nufin ɗan tsuntsu irin gwara, saboda tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba. A shekarar da ta biyo baya aka kashe Leplée, 'yan sanda suka yi mata tambayoyi saboda irin mutanen da take hulɗa da su, sannan aka sake ta ba tare da an kama ta da laifi ba. Marubucin waƙa Raymond Asso ne ya ɗaga ta daga wannan faɗuwa, ya koya mata yadda ake furta kalma da yadda ake tsayuwa gaban jama'a.

Abin da ya karya ta ya faru ne a 1949. Ta kamu da son Marcel Cerdan, ɗan damben da aka haifa a Aljeriya, wanda ya zama zakaran duniya a ajinsa bayan ya doke Tony Zale a Amurka a 1948, ga shi kuma yana da mata da 'ya'ya. A watan Oktoba na 1949 ya hau jirgi daga Paris zai same ta a New York, jirgin ya faɗi a tsibiran Azores, babu wanda ya tsira. A ganina nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi. Kyamara tana bin ta ba yankewa: ta farka ta gan shi zaune a gefen gadonta, ta tashi da murna ta haɗa masa abin karyawa, tana neman agogon da ta saya masa kyauta, mutanen gidan kuwa kowa ya sunkuyar da kai ya kasa kallon ta. Sai a hankali ita da mai kallo suke gane cewa babu kowa a ɗakin. Bayan wannan rashi ta yi haɗarin mota a 1951, aka riƙa yi mata allurar mofin don rage zafi, allurar ta zame mata jiki, ga kuma giya. A ƙarshen 1960, jiki duk ya lalace, ta hau dandalin Olympia, wani gidan waƙa a Paris, ta rera waƙar nan da ma'anar sunanta ita ce "ban yi nadamar komai ba". Ta rasu a watan Oktoba na 1963 kusa da garin Grasse a kudancin Faransa, tana da shekara 47, duk da cewa a fim za ki ɗauka ta haura saba'in.

Saboda haka gishirin da aka ƙara kaɗan ne, abin da aka rage ya fi shi yawa. Fim ɗin ya tsallake kusan dukan shekarun da Jamus ta mamaye Paris, daga 1940 zuwa 1944, alhali ta ci gaba da waƙa a lokacin, har aka bincike ta bayan yaƙi kafin a wanke ta. Wannan giɓi ne babba, kuma ban ga dalilin da zai sa a yafe wa daraktan shi ba. Haka kuma ya ɓoye 'yarta Marcelle, wadda ta haifa tana da shekara 17 kuma sanƙarau ya kashe tana da shekara biyu, sai a mintunan ƙarshe ya fito da ita. Idan za ki sake kallo, ki riƙe wannan yarinya a ranki tun daga farko, za ki ga zafin ran Piaf da shaye-shayenta sun sauya kama a idonki.

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga Mile 12 yana tambaya ko jarumar ce take rera waƙoƙin da bakinta.

Amsa: Alhaji, yawancin abin da ka ji muryar Piaf ce ta ainihi daga tsofaffin fayafayanta, wasu wurare kuma wata mawaƙiya mai suna Jil Aigrot ce ta rera. Aikin jarumar, Marion Cotillard, shi ne daidaita leɓe da numfashi da motsin hannu, kuma ta aske girarta da gaban gashinta domin ta yi kama da ita. A 2008 ta samu lambar Oscar ta jarumar da ta fi fice, karo na farko da aka ba da ita saboda rawar da aka taka cikin harshen Faransanci, masu kwalliyar fim ɗin ma sun samu tasu.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya mata uku a Idi-Araba, babbar tana son waƙa ƙwarai. Ya dace mu kalli wannan fim tare da su?

Amsa: Hajiya, da ƙanana ban ba ki shawara ba, domin akwai gidan karuwai, da maye, da allura, da soyayya da mijin wata, kuma tsawonsa ya haura awa biyu. Babbar kuwa, idan ta mallaki hankalinta, ki fara kallo ke kaɗai, sannan ki zauna tare da ita. Fim ɗin bai ƙawata shaye-shaye ba ko kaɗan, yana nuna hannun da ya kasa ɗaga kofi da bayan da ya ranƙwafa tun kafin shekara hamsin, kuma yana nuna yadda na kusa da ita suka riƙa jin tsoron ce mata a'a saboda ita ce take ciyar da su. Ki kuma ja hankalin 'yarki ga wurin da Asso yake sa Piaf maimaita baiti ɗaya har ta fusata, domin mai son waƙa ya kamata ta ga wannan ɓangare na sana'ar. In ta tambaye ki ko muna da irin wannan labari a gida, ki ba ta na Ɗan Maraya Jos, wanda sunansa ma daga maraicinsa ya samo asali, ya ɗauki kuntigi ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2015, ki kuma sa mata waƙoƙin Barmani Choge ta saurara.